TG-6 tokunbo: hotunan cikin sito na fita da yashi-yashi, gilashin kuma na yin gumi

Ɗan Agege

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wajen masu sanin harkar kyamara.

Aikina duba gini ne, yawanci daga Lekki zuwa Epe, wani lokacin kuma mu shiga kwale-kwale mu duba ginshiƙan inda jiragen ruwa ke sauke kaya. Kowane mako sai na tura rahoto da hotuna: tsagewar kankare, rodi kafin a zuba siminti, tsatsar ƙarfe a daidai inda ruwa ke taɓawa. Saboda damina ne na sayi kyamarar Olympus TG-6 tokunbo, wato ta hannu, don waya ba ta jure wannan aikin.

A fili da rana hotonta tas yake. Amma da na shiga sito ko ƙarƙashin dakin, wato rufin kankare, da ba a cire katako ba, sai hoton ya fito da yashi-yashi, in na zuƙo shi a kwamfuta kuma kamar an shafe kankaren da fenti, tsagewar ma ba ta fita. Wayar abokin aikina ta fi ta kyau a irin wurin nan, abin har ya ba ni kunya. Sannan da safe in na fito daga mota sai gilashin gaba ya yi gumi, sau biyu kuma na ga kamar gumin daga ciki yake don na goge bai tafi ba. Ɗan hannun zum ɗin ma ya fara tauri.

Shin kyamarar ce ta gaji, ko haka suke? Kuma zan iya tsoma ta cikin lagun in ɗauki gindin ginshiƙi a ƙarƙashin ruwa?

Mai Hoto Idi-Araba

Wa alaikumus salam Injiniya. Maganar yashi-yashi dai ba lalacewa ba ce, haka sabuwa ma take yi in aka bar ta a AUTO. Sensar da ke cikinta, wato farantin da ke karɓar haske ya mai da shi hoto, ƙarama ce, irin wadda ake kira 1/2.3, wato kusan milimita 6.2 a 4.6. Ta manyan kyamarori milimita 36 ce a 24, ka ga ta ninka ta kusan sau talatin. Ƙaramar sensa haske kaɗan take tarawa. In ka shiga duhu sai kyamarar ta ɗaga ISO, wato ƙarfin jin hasken sensar, don ta cike giɓin, yashin ya taso, ita kuma ta sa hannu ta goge shi. Wannan gogewar ce kake gani kamar fenti, kuma ba ta bambanta yashin hoto da siririyar tsagewa, duk tare take share su.

Wayar abokinka ba sihiri take yi ba. Da ya danna, hotuna da yawa take ɗauka a jere ta haɗe su wuri guda, sannan manyan wayoyin yanzu sensarsu ta fi ta TG-6 girma. A duhu, da hannu, waya za ta ci gaba da doke ta. Amma akwai abin da za ka yi ka rage tazarar sosai.

Babban abin da ke cutar mutane shi ne zum. Lens ɗin nan daga milimita 25 zuwa 100 yake. A 25, wato ba ka zuƙo komai ba, ƙofar haskensa f/2.0 ce, kuma wannan ita ce falalar kyamarar gaba ɗaya. Da ka zuƙo zuwa ƙarshe sai ta koma f/4.9, hasken da ke shiga ya zama kusan kashi ɗaya cikin shida. Hoton da zai fito a ISO 400 sai ya nemi sama da 2000. To a cikin sito ka manta da hannun zum, ƙafarka ce zum, ka matsa kusa da bangon.

Ka juya dayal ɗin daga AUTO zuwa A, ka zaɓi f/2.0. Lura, zaɓi uku kawai take bayarwa a 25: 2.0 da 2.8 da 8. Wancan 8 ɗin ba tsuke ƙofa take yi da gaske ba, wani baƙin tace-haske take sawa a gaba. Saboda haka ba ya ƙara maka zurfin abin da ke fita sarai kamar yadda f/8 ke yi a babbar kyamara, haske kawai yake cinyewa. Mutane da yawa suna sa shi suna zaton hoto zai ƙara kaifi, sai ISO ya haura su rasa dalili. Amfaninsa a tsakar rana ne kawai, bakin ruwa, inda haske ya yi yawa.

A cikin menu ka je wajen saitin ISO na kai-tsaye ka sa iyakarsa 800. Ni a ganina 100 zuwa 400 ne gidan wannan kyamarar, 800 ana lallaɓawa, 1600 sai dole. A rubuce tana kaiwa 12800, amma wannan lamba ce ta kwali. Kusa da nan akwai wajen tace yashin hoto, Noise Filter suka rubuta, ka mai da shi Low. Yashin zai ɗan ƙaru amma tsagewar za ta dawo, kuma ga mai rahoton gini yashi ya fi shafaffen bango.

Tunda bango ba ya gudu, ba ka bukatar hanzari. Ka ɗora kyamarar a kan bulo ko ƙaramin ƙafa-uku, ka sa ISO 100 da hannu, ka kunna jinkirin daƙiƙa 2 don kada dannawarka ta girgiza ta. Ko da rabin daƙiƙa ta ɗauka, hoton zai fito fes, ya fi na wayar nesa ba kusa ba, don babu ƙaryar da kwamfutar waya ke ƙarawa. In ba wurin ɗorawa, ka jingina gwiwar hannu da ginshiƙi ka ɗauki uku a jere, ɗaya zai tsaya.

Game da tsagewa musamman: filashin kyamarar daga gaba yake haskawa, yana cika ramin da haske, tsagewar ta ɓace. Ka kashe shi. Ka sa yaro ya riƙe tocila daga gefe, kusan a kwance da bangon, inuwa ta faɗa cikin tsagar. Ka ajiye rula ko tef a gefenta don mai karanta rahoto ya san faɗinta. In gashin tsaga ce ƙarama, juya dayal zuwa alamar madubin likita, tana iya ɗauka daga santimita 1. A nan babu wayar da za ta kama ƙafarta. Sai dai a wannan kusancin kyamarar da kanta tana tare haske, shi ya sa suka yi zoben LG-1 da ake maƙalawa a gaba yana zagaya hasken fitilarta.

Sauran abu ɗaya: ka sa ta tana ajiye RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta gyara ba, tare da JPEG na yau da kullum. Sararin samaniyar Legas da damina fari ne fat, ƙaramar sensa kuma saurin ƙonewa take a wajen fari. Ka rage hasken da -0.3 ko -0.7 in sama ta shigo cikin hoto, daga baya ka ɗago duhun a RAW ɗin. Megafiksel 12 ne, 4000 a 3000, ya ishi cika takardar A4 ba tare da matsala ba, amma bai bar maka wurin yanke hoto da yawa ba.

Baba Gyara na Ijora

Ɗana, Mai Hoto ya gama da maganar hoto. Ni gumin nan da taurin zum su suka fi damuna, don su ne ke kashe irin waɗannan kyamarori a garin nan, ba faɗuwa ba.

Gumi iri biyu ne. Na waje daga AC ne. Gilashi ya yi sanyi a mota, ka fito cikin iskar Legas mai ɗauke da ruwa, sai raɓa ta sauka a kansa kamar yadda take sauka a kwalbar lemo mai sanyi. Wannan ba ciwo ba ne. Ka daina ajiye ta kusa da bakin AC, ka sa ta a jaka a but ɗin mota. Ko kuma ka ƙulle ta cikin leda mai zif kafin ka fito, ka ba ta minti 15 zuwa 20 ta ɗauki zafin waje, raɓar ta sauka a kan leda maimakon gilashi.

Na ciki shi ne abin dubawa. Kyamarar da ruwa ba ya shiga, iska ma ba ta fita. Duk ranar da ka buɗe murfin batir a wurin aiki, ka rufe iska mai laima a ciki. Ta yi zafi a rana ko wajen ɗaukar bidiyo, sai ruwan sama ko na lagun ya sanyaya gilashin gaba, laimar ta taru a bayansa. In ya washe da kansa cikin ɗan lokaci, to iskar ce. Maganinsa: ka cire batir da memori, ka bar murfi biyun a buɗe, ka sa ta a robar abinci mai rufuwa sosai tare da ƙullin silika huɗu ko biyar, irin wanda ake samu a kwalin takalmi, ta kwana biyu. Daga nan ka rufe ta a ɗaki mai AC, don iskar wurin a bushe take. Kada ka sa ta cikin shinkafa. Shinkafa ba ta jan laima yadda ake faɗa, ga garinta yana manne wa roba, an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Silikar ma tana ƙoshi. Mai canza launi ta fi, in ta juya sai a gasa ta a oba kamar awa biyu a zafin digiri 120 na Celsius ta dawo.

In kuma gumin bai washe ba, ko ka ga ɗigon ruwa sosai, ko farin gari-gari a ƙarfen da batir ke taɓawa, to ruwa ya taɓa shiga. Tokunbo ce, ba ka san tekun da ta sha ba.

Kafin ka tsoma ta ko'ina ka gwada ta. Buɗe murfin batir da na wajen caji, ka duba robar da ke zagaye da kowanne a ƙarƙashin haske mai ƙarfi. Abin da kake nema: tsaga, wurin da ya lotse bai dawo ba, yashi, gashi. Silin gashi guda in ya gitta robar ya isa ya buɗe wa ruwa hanya. Ka goge da kyalle mara zare, ba auduga ba, kuma kada ka shafa mata man komai. Sannan ka cire batir da memori, ka naɗe ɗan tishu ka sa a gurbin batir, ka rufe. Kowane murfi makulli biyu gare shi, na ja da na kullewa. Sai ka ji ƙas sannan ka tura na biyun. Ka nutsa ta a bokiti minti 10, ka fitar, ka goge ta ta bushe sarai, ka buɗe murfin yana kallon ƙasa. Tishu a bushe, ka ci matakin farko. 'Yan kumfa da ke fita daga ramukan lasifika da makirfo a farkon nutsawa ba komai ba ne. Kumfar da ke fita a jere daga bakin murfi ba ta tsayawa ita ce matsala. Waɗannan ramukan kuma kada ka kuskura ka tsokane su da allura, akwai fata siririya a bayansu.

Bokiti ba ya tabbatar da mita 15 ɗin da aka rubuta a jikinta. Wannan alkawarin na sabuwar roba ne, na tsawon awa ɗaya, a ruwa mai natsuwa. Kamfanin da kansa cewa ya yi a canza robobin duk shekara. Tun 2019 TG-6 ta fito, ka lissafa shekarun robar da ke hannunka in ba a taɓa canzawa ba.

Zum ɗin da ya yi tauri gishiri ne da ƙurar siminti suka bushe a ƙarƙashinsa. Ruwan lagun da gishirinsa, musamman da rani, iskar bakin teku ma haka. Duk ranar da ta taɓa ruwan nan, murfi a rufe, ka jiƙa ta a ruwan famfo mai tsabta minti 10, kana motsa hannun zum da dayal da maɓallai a cikin ruwan. Ka danna maɓallin da ke gaba ka cire zoben da ke zagaye da lens, yashi na taruwa a ƙarƙashinsa. Ba sabulu, ba ruwan zafi, ba fetur, ba man feshin da makanikai ke sa wa kusa, kuma kada ka tara ta a ƙarƙashin famfo mai ƙarfi. Ta bushe a inuwa. Tunda naka ya riga ya yi tauri, ka yi jiƙon sau uku kana canza ruwa. Siminti ya fi gishiri sharri, in ya jiƙe ya kama shi ke nan, don haka ranar zuba kankare ka wanke ta a ranar.

Gilashin gaba kuma kada ka goge shi da bakin riga a wurin aiki. Ƙurar da ke kansa yashi ce. Ruwa tukuna, sannan kyalle.

Ɗan Agege

Na gode ƙwarai Malam Mai Hoto, na gode Baba, Allah ya saka da alheri. Lalle a AUTO take tun da na saye ta, kuma zum nake yi daga bakin ƙofa. Baba, kullum sai na buɗe murfin gefe in yi caji, in kuma buɗe na ƙasa in cire memori in sa a kwamfuta. Ke nan ni nake cika ta da laima? Maganar shiga lagun ɗin fa?

Baba Gyara na Ijora

Kai ne, ɗana. Buɗewa biyu kullum, roba biyu kake gajiyarwa. Ka nemi batir na biyu, LI-92B, da cajar waje, sai murfin gefe ya huta gaba ɗaya. Hotunan rahoto ka tura wa waya ta Wi-Fi da manhajar kamfanin, memori sai ƙarshen mako. Akwai wani ɗan makunni a sama da aka rubuta LOG. In yana kunne, GPS na aiki ko kyamarar a kashe take, shi ke shanye batir cikin dare. A ƙa'ida caji ɗaya na kai hoto kusan 340. In ka sayi batirin da ba na asali ba ka riƙa ɗora shi a kan tebur kana juyawa. In ya fara kumbura zai riƙa lilo, kuma kumburarren batir yana tura murfi daga ciki.

Maman Hanifa

Sannunku da ƙoƙari. Malam, a kan lagun, in kyamarar ta ci gwajin Baba za ta shiga, amma kada ka sa rai da yawa. Matsalar ba kyamara ba ce, ruwan ne. Ruwan lagun da na kewayen Apapa a gurɓace yake da laka, sau da yawa hannunka ma in ka miƙa ba ka ganinsa sosai. Duk abin da ke tsakaninka da ginshiƙin zai shiga hoton. Dokar ita ce ka rage ruwan da ke tsakani: ba zum, ka kai ta santimita 20 zuwa 30 daga ƙarfen. Filashi kuma a irin wannan ruwan abokin gaba ne, don yana dab da lens, duk ƙwayar laka sai ta mayar da haske, hoto ya cika da fararen ɗigo kamar ana yayyafi. Tocilar ruwa daga gefe, nesa da kyamara kamar tsawon hannu, ita ce mafita. In dole sai filashi, akwai FD-1 da ke baza shi, yana taimakawa a kusa-kusa.

A cikin ruwa komai yana ƙara girma kusan kashi ɗaya cikin uku, faɗin abin da lens ke gani kuma yana raguwa. Saboda haka kada ka kimanta girman rami daga hoto, rula ta shiga ruwan ita ma. Jan launi shi ke fara ɓacewa, a ruwa mai haske ma kafin mita 5 ya dushe, kuma tsatsa ja ce, ka ga ba tocila hoton zai nuna maka ita baƙa-baƙa ko kore. A dayal akwai alamar kifi, a ciki akwai saitin launi na ruwa mara zurfi da matsakaici da mai zurfi. An yi su ne don shuɗin teku. A ruwanmu mai launin shayi sukan sa hoto ya yi ja fiye da kima, gara RAW ka gyara launin daga baya. Ka bi lokacin da ruwa ya janye, ka ɗauki mafi yawan abin da kake so a sarari, sannan tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana haske ya fi ratsa ruwa.

Kyamarar nan giram 250 ce da 'yan kai, kuma nutsewa take kamar dutse. Maɗaurin hannu mai yawo a kan ruwa ka saya kafin komai, mai launin lemo. In ta suɓuce a lagun ba mai nemo maka ita. Kada kuma ka riƙe ta a ruwa kwale-kwale na gudu, ƙarfin bugun ruwan ya wuce abin da robar ta saba.

Inda ban yarda da Malam Mai Hoto gaba ɗaya ba shi ne iyakar ISO 800. Ga bango daidai ne. Amma in ma'aikata kake ɗauka suna aiki a ƙarƙashin dakin, 800 zai sa kyamarar ta yi jinkiri mutane su fito dishi-dishi, kuma hoto mai yashi ana gane fuska, mai dishi-dishi ba a ganewa. Dayal ɗin na da C1 da C2. Ka ajiye saitin bango a C1, a C2 kuma ka sa ISO har 1600 da mafi ƙarancin saurin ɗauka 1/125 na daƙiƙa. Juyi ɗaya ka sauya, ko da safar hannu, ko hannu a jiƙe. Wannan ne ma inda ta fi waya: allon waya in ya jiƙe yakan riƙa danna kansa, ita kuwa maɓallai ne zalla. Rauninta wajen riƙo shi ne jikin santsi gare shi, maɓallan baya ƙanana, ba ta da wajen leƙawa da ido, allon kuma a tsakar rana da ƙyar ake gani. Ka ƙara haskensa zuwa ƙarshe ka yi masa rumfa da tafin hannu.

In ka ɗauki bidiyo a sito ka ga haske na rawa ko layi-layi na gudu, ka mai da shi firam 25 a daƙiƙa maimakon 30. Wutarmu 50 take bugawa a daƙiƙa, ta NEPA ko ta janareta, tokunbo da yawa kuma daga Amurka suke zuwa a saite da 30.

Mai Hoto Idi-Araba

Hajiya ta yi gaskiya kan ma'aikata, na karɓa. Ƙari ɗaya Injiniya, tunda kana cikin siminti: akwai adafta CLA-T01 da ke ba ka damar ɗaura gilashin kariya mai faɗin milimita 40.5 a gaba, in ya karce ka jefar ka sa wani. Ka tambaya a Computer Village ko Alaba, in babu sai oda. Amma ka cire shi kafin shiga ruwa, don ruwa na maƙalewa tsakaninsa da gilashin asali ya bar maka rabin hoto a jiƙe.

In tishun Baba ya fito da danshi, kada ka yi saurin jefar da ita. Ta ci gaba da aikin kan tudu da yayyafi, na ƙarƙashin ruwa kuma ka sa ta a gidanta na roba mai tauri, PT-059, wanda ke kaiwa mita 45. In sabuwa za ka saya, TG-7 da ta fito a 2023 da sunan OM System lens ɗaya ne da sensa ɗaya, hoton ba zai canza ba, cajin ne ya koma USB-C. Ricoh WG-6 tana kai mita 20 kuma da fitilu shida zagaye da lens ɗinta, amma daga f/3.5 take farawa kuma ba ta ajiye RAW, a cikin sito za ka fi shan wahala da ita.